Aikin lantarki: wane injin huda, wane baki, ga wane bango?

A shekarar 1968 aka kafa kamfanin NIGELEC. A 1976 aka jawo wuta daga madatsar ruwa ta Kainji a Najeriya, ta bi ta Birnin Kebbi ta iso Yamai. A 1981 tashar SONICHAR ta Anu Araren ta fara ƙona gawayin ƙasa don ba Arlit da Agadas wuta. Daga baya wani layi ya taso daga Katsina, ya iso Gazawa, ya rabu zuwa Maraɗi da Damagaram, sannan a 2018 aka buɗe tashar hasken rana ta Malbaza. Waɗannan manyan ayyuka ne, kowa ya ji labarinsu a rediyo. Amma komi nisan tafiyar da wutar lantarki ta yi, wadda jama'a ke kira kuran, ƙarshenta sai ta ratsa bangon gidan wani, ta bi ta cikin rami wanda faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba.

Ramin nan ba ya shiga labarai, ga shi kuwa a kansa abubuwa da yawa suka rataya. In an huda shi ba daidai ba, fanka na iya faɗowa daga rufin aji a kan ƴan makaranta. Ruwan damina na iya bin waya ya shiga cikin bangon ƙasa ya jiƙa shi daga ciki. Gefen ƙarfe mai kaifi na iya yanke robar waya, wata rana ƙofar gida ta kama wuta, yaro ya taɓa. Duk wannan yana farawa daga lokacin da mai aiki ya buɗe jakarsa ya ɗauko injin huda, ya zaɓi bakin da zai ɗaura masa, wanda masu sana'a ke kira meshi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya tafi kasuwa ya tambayi injin da ya fi ƙarfi, ko wanda ya fi araha, tun bai dubi gidan da zai yi ma aiki ba. Bango ne ya kamata a fara tambaya. Shi zai faɗi irin bakin da ake bukata, bakin kuma shi zai faɗi irin injin.

Bangon ƙasa

Littattafan koyon sana'a da ke zuwa daga Turai sun yi dogon bayani a kan kankare da katako, amma da wuya su ambaci ginin laka. Ga shi kuwa yawancin gidajen karkara, da tsoffin unguwanni irin Birnin Damagaram, da laka aka gina su, ko da tubali ko da birgin ƙasa. Huda irin wannan bango ba wuya. Ko injin hannu da ake juyawa ba da wuta ba yana iya yi. Wuyar ita ce a sami abin da zai riƙe bayan an huda.

Injin huda na wuta yawanci aiki biyu yake yi: yana juyawa kawai, ko kuwa yana juyawa yana duka. A jikinsa akwai ɗan maɓalli, gefe guda da hoton baki, gefe guda da hoton guduma. A bangon ƙasa ba a kunna guduma. Dukan yana rugurguza laka, ramin da aka so ya zama milimita 8 sai ya buɗe kamar bakin tulu. Haka ma gidan da aka gina da ƙasa aka shafe da siminti: shafen siriri ne, duka na tsaga shi, kuma ta wannan tsaga ruwa zai sami hanya.

Ƴar robar nan da ake cusawa cikin rami don ta kama ƙusa mai murɗi, wadda wani Bajamushe mai suna Artur Fischer ya fito da irinta ta zamani a 1958, tana aiki ne ta hanyar buɗewa ta tokare gefen rami. In gefen laka ne, ba abin da za ta tokara. Saboda haka ƙwararru ke faɗaɗa wurin, su dasa kwalin makunni a cikin kwaɓin siminti, su bari ya bushe kafin su ɗaura komi. Dā ana dasa guntun itace a cikin bango a kafa ƙusa a kansa. Dabara ce mai kyau har ranar da gara ta gano shi.

Wani abu kuma shi ne kaurin bango. Ginin gargajiya yakan yi kauri ƙwarai daga ƙasa, ya riƙa sirancewa zuwa sama. Gajeren baki ba zai ratsa shi ba, shi ya sa ake neman mai tsawon santimita 40 ko 60. Wanda ya ce zai huda daga ciki, ya zagaya ya huda daga waje don ramukan su haɗu, sau da yawa sai su saɓa, a bar bango da rauni biyu. Kuma duk ramin da ya ratsa bangon waje, na ƙasa ne ko na siminti, ana karkata shi kaɗan, bakin waje ya fi na ciki gangarawa, don ruwan da ya bi waya ya zube a waje. Wannan ƙaramar karkata ba ta cin ko tamma, amma tana iya ceton ɗaki a watan Agusta.

Birgin siminti da kankare

Birgin siminti mai rami a ciki, na santimita 15 ko 20, shi ya cika sababbin unguwanni. Ana huda shi da baki mai ɗan ƙarfe mai tauri manne a kansa kamar kan kibiya. Wannan ɗan ƙarfe haɗi ne na tungusten da gawayi. Kamfanin Krupp na Jamus ya fara sayar da shi a 1926 da sunan Widia, ma'ana mai kama da lu'ulu'u. Shi ke cin siminti, sauran jikin bakin aikinsa fitar da gari ne kawai.

Nan ma sai an yi hattara da guduma. Fatar birgi siririya ce, kuma ba asiri ba ne cewa wasu masu buga birgi suna ja ma buhun siminti rai fiye da kima, har birgin ya riƙa marmashewa a hannu. Ana farawa da juyawa kawai. In baki ya ƙi shiga sannan a ƙara duka.

Awon rami kuwa ba a yin sa da ido. Robar milimita 6 tana son baki na milimita 6, ta 8 tana son na 8, zurfin ramin kuma ya ɗara tsawon robar da kamar santimita 1 don ƙusa ta sami wurin wucewa. Ana naɗa ɗan kyalle ko salatif a jikin baki don a san inda za a tsaya. A nan akwai tarko ga masu sayen kaya a kasuwannin bakin iyaka: wasu bakunan an auna su da inci, ba da milimita ba. Rubu'in inci milimita 6,35 ne. Bambancin ba ya ganuwa, amma ya isa ya sa robar milimita 6 ta yi sako-sako a cikin birgi mai taushi. Lambar awo tana rubuce a gindin kowane baki na kirki, kuma wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci yana iya karanta ta da kansa, ba sai mai kanti ya gaya masa ba.

Ga tiyon roba da waya ke bi ta ciki, wanda faɗinsa ya kan zama milimita 16, 20 ko 25, rami sai ya ɗara tiyo kaɗan don ya wuce ba tare da an matse shi ba. Ba a barin waya ta ratsa bango tsirara. Kwalin makunni da na piriz, wato wurin da ake jona rediyo ko dutsen guga, suna son rami mai faɗin milimita 67 ko 68, kuma akwai baki na musamman mai kama da kofi da ke yanke shi zagaye sumul. Wanda ba shi da shi yana yin ƙananan ramuka a jere bisa da'ira, ya ƙarasa da kurfi da guduma.

Kankare, wato betan, wani al'amari ne dabam. Ginshiƙai, da ɗaurin da ke zagaye gini, da saman ƙofa da taga, da rufin dala, duk da shi ake yin su, kuma akwai tsakuwa da ƙarfe a ciki. Injin gida mai guduma yana iya ƙananan ramuka a kansa, amma dukansa na haƙoran ƙarfe biyu ne da ke gogar juna: ƙara mai yawa, aiki kaɗan, sai mai aiki ya danna da dukan ƙarfinsa. Ga wanda sana'arsa ke nan, akwai injin da ke duka da ƙarfin iska ta hanyar fistan a cikinsa. Kamfanin Hilti ya fito da irinsa a 1967, sannan a 1975 kamfanin Bosch ya ƙirƙiro gindin baki mai tsaga-tsaga da ake kira SDS, wanda ake turawa ya kama da kansa ba tare da makulli ba. Gindin SDS-plus milimita 10 ne, na SDS-max 18. Ƙarfin dukan irin wannan inji da jul ake auna shi, kuma mai jul 2 zuwa 3 ya ishi aikin lantarkin gida. Babban na SDS-max na masu rushe gini ne. Wanda ya saye shi don ɗaura makunni ya sayi nauyi kawai. Ba a danna wannan inji, ana riƙe shi ne a bar shi ya yi aikinsa. Shi ne kuma ya dace da dutsen gini na ƙasar Adar da marmara, balle duwatsun Damagaram masu tauri.

In baki ya tsaya cak a cikin kankare, ƙararsa ta canza, garin da ke fita ya zama baƙi-baƙi, to ya ci karo da ƙarfen gini. A nan sai a janye a matsa gefe. Akwai bakuna masu kai huɗu da ba su saurin maƙalewa a ƙarfe, amma samun su ba izini ba ne na yanke shi. Ƙarfen nan shi ke ɗauke da rufin, kuma mai lantarki ba shi ya lissafa nauyin ginin ba. Jami'in da ke duba aikin makaranta ko na gidan likita, in ya ga an fasa ginshiƙi don waya ta wuce, yana da hujjar tsayar da aiki nan take.

Haka nan fankar rufi. Tana da nauyi, tana girgiza dare da rana tsawon watannin zafi, kuma nauyinta yana jan ƙusa ne kai tsaye zuwa ƙasa. Ba a rataye ta da robar bango. Ƙugiyar ƙarfe take so, wadda aka dasa tun lokacin zuba kankare, ko aka ɗaure a jikin ƙarfen rufi, ko aka kafa da maɗaurin ƙarfe mai buɗewa a cikin betan.

Ƙarfe, itace da karo

Ƙofofin ƙarfe, akwatin kwantar, kwanon rufi da ake kira tol, da ƙarafan da ke ɗauke da shi, duk suna son baki mai rubutun HSS. Bakin siminti ba ya cin ƙarfe, bakin ƙarfe kuma in ya taɓa siminti sau ɗaya ya dakushe. Ana fara buga ɗan alama da tsinin ƙarfe don baki kada ya zame, a juya a hankali, a ɗiga mai. Sauri shi ke kashe baki: in tsininsa ya koma shuɗi, zafi ya riga ya cinye taurinsa. Babban rami ana fara shi da ƙaramin baki. Ga ƙarfen da ba ya tsatsa akwai baki mai haɗin kobal. Shi kuwa launin zinariya da ke ɗaukar idon mai saye, a bakin kirki shafe ne siriri da ke tafiya da zarar an wasa shi, a na jabu kuwa ado ne kawai.

Ga ƙarfe mai laushi kamar na akwatin wuta, abin da ya fi shi ne baki mai hawa-hawa kamar matakala, wanda ke yin rami daga milimita 4 har 20 ko 32 shi kaɗai, ba ya kuma yaga ƙarfen. Bayan huda sai a goge gefen da magagari, a sa zoben roba kafin waya ta wuce. Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, domin ba wanda ke ganinsa ranar karɓar aiki. Sai bayan shekara ɗaya ko biyu, iska da zafi sun yi ta motsa waya a kan kaifin, laifin ke fitowa.

Yanzu da allunan hasken rana suka yawaita a kan rufin gidaje da shaguna, ya kamata a ƙara da cewa kwanon rufi a kan tudunsa ake huda shi, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma a sa ƙusa mai zoben roba. Shi kansa allon yana zuwa da ramukansa a jikin firam. Ƙara wasu na iya fasa gilashin.

Itace ba ya bukatar dogon bayani. Katako da silin suna son baki mai ɗan tsini a tsakiya, ko mai faɗi kamar cebur in ramin babba ne. Azarar giginya, irin wadda ake samu daga Dallol Mawri wajen Gaya, tana da zaruruwa masu tauri da ke dakushe baki da wuri, kuma tun da ita ke ɗauke da rufin soro, gara a bi da tiyo ta gefenta da a huda ta. Karo na bango kuwa, ba guduma ko kaɗan: baki mai kan mashi, salatif a kan wurin don kada ya zame, da haƙuri.

Mai waya ko mai batir?

Injin huda na lantarki ya daɗe. A 1889 Arthur Arnot ya yi rajistar na farko a Melbon ta Ostareliya, a 1895 kamfanin Fein na Jamus ya yi wanda ake ɗauka a hannu, a 1961 kuma Black & Decker ya fito da mai batir. Amma tambayar wanne ya fi, amsarta a Nijar ta bambanta da ta ƙasashen da aka ƙera su.

Mai sa wuta yakan yi aiki a gidan da wuta ba ta zo ba tukuna. In kuma gidan na da wuta, ƙa'ida ita ce a kashe babban makunni na kusa da kwantar kafin a huda bangon da waya ke ciki, sai injin mai waya ya rasa abin da zai ci. Ga kuma yankewar wuta, wadda mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram suka ɗanɗana sosai daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse layi, har zuwa Maris na 2024. Duk waɗannan suna ba injin batir rinjaye. Mai bolt 12 ya isa ɗaure ƙusoshi da huda itace da ƙarfe mai laushi; mai bolt 18 shi ne na aikin yini. Batir biyu ake so, ɗaya na aiki ɗaya na caji.

Sai dai batirin litiyom ba ya shiri da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin inuwa ke wuce digiri 40, batirin da aka bari a rana, ko a cikin akwatin babur, ko aka sa caji yana da zafi daga aiki, ba zai yi tsawon rai ba, wani lokaci ma ya kumbura. Kuɗin sabon batir kuwa yakan kusa kai kuɗin injin. Saboda haka kafin a saya sai a tambaya ko ana samun batirin wannan samfuri a kasuwar Katako ta Yamai, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maraɗi. Injin da ba a samun batirinsa, ranar da batirin ya mutu shi ma ya mutu. Wanda ke da halin sayen inji biyu, abin da ya fi masa shi ne ƙaramin mai batir, da mai waya na SDS don kankare. Wanda ba shi da halin sai ɗaya, ya nemi mai waya na wat 600 zuwa 800, mai bakin kamawa na milimita 13, mai rage gudu, mai juyawa baya, wanda ake iya kashe gudumarsa.

A jikin injin mai waya akwai abu biyu da za a karanta. Na farko bolt: wutar Nijar 220 ce, kuma cikin kayan gwanjo akwai waɗanda aka yi ma Amurka, masu cin 110 ko 120, waɗanda ke ƙonewa da zarar an jona su. Na biyu wata alama ta murabba'i a cikin murabba'i, mai nuna cewa an ninka kariyar da ke tsakanin wuta da hannun mai riƙewa. Tsoffin injuna masu jikin ƙarfe ba su da ita, sai da wayar ƙasa, ga shi kuwa gidaje da yawa ba su da wayar ƙasar. Kayan da suka shigo ta Kano kuma sukan zo da kai mai ƙafa uku irin na Ingila, wanda ba ya shiga piriz mai ramuka zagayayyu. Maganinsa a canza kan, ba a yanke shi a cusa wayoyi tsirara da tsinken ashana ba, kamar yadda ake gani a wuraren gini da dama.

Araha ba ta ado. Injin jabu mai ɗauke da sunan babban kamfani ana gane shi da rashin nauyi, da siririn waya, da bakin kamawa mai rawa. In aka ɗaura dogon baki aka kunna, tsinin ya riƙa zana da'ira a iska, to ramin da zai yi ya fi awonsa. Ƙurar hunturu da garin siminti kuma suna toshe kafofin shan iskar kowane inji, na asali ko na jabu. A riƙa busa su, a canza gawayin injin in ya fara tartsatsi. Ɗaliban makarantun sana'a, irin makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, suna koyon wannan a aji, amma yawancin yaran da ke bin maigida wurin aiki a hannu suke koyo, kuma abin da suka ga ana yi shi za su ɗauka.

Saura wayar da ke ɓoye a bango. Ƙa'idar Faransa mai lamba NF C 15-100, wadda ƙasashe da yawa masu aiki da Faransanci ke koyi da ita, ta hana a binne waya a karkace: ko dai ta miƙe tsaye, ko ta kwanta sosai. Amfanin haka shi ne wanda ya zo daga baya ya iya hasashen hanyarta. Ba a huda daidai saman makunni ko ƙasansa, ko a layi ɗaya da piriz. Amma ba kowane gida aka yi bisa ƙa'ida ba, don haka akwai ƴar na'ura mai batir da ake gogawa a bango, tana kuka in ta ji waya ko ƙarfe. Makunnin kariya mai miliyamfa 30, wanda ke katse wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum, ya kamata ya kasance a kowane gida da kowane wurin gini.

Shi kuma mai huda, tabarau a ido, kyalle ko abin rufe hanci saboda garin siminti da na dutse da ke lahanta huhu a hankali, hannu biyu a kan inji, musamman a kan tsani, domin in babban baki ya maƙale injin ne ke juyawa ya murɗe wuyan hannu. Babbar riga da jelar rawani a ajiye su a ƙasa kafin a hau. Mai gida kuma, ranar da aka gama aiki, kafin magini ya shafe bango, ya sa a zana masa hanyar kowace waya a takarda, ko a ɗauki hotonta da salula, ya ajiye tare da takardun kwantar.